Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Zaɓen 'Yan Wasa a Fim

Tambaya: Ina da sha'awar harkar fim, amma ban san kowa a Kannywood ba. Wa yake zaɓen 'yan wasa, kuma me ake dubawa? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, zaɓen yana farawa ne tun daga labari. Idan marubuci ya gama, darakta da furodusa sukan zauna su fitar da jerin mutanen da ke ciki, kowa da shekarunsa da halinsa da yawan fitowar da zai yi. Manyan guraben, wato jarumi da jaruma, galibi ba a sa su a tantancewa, gwajin da ake yi wa masu neman gurbi. Waya ake bugawa sanannu a daidaita kuɗi da ranaku, domin fuskarsu ce ke jawo 'yan kallo. Ƙofar sabon shiga tana wajen ƙananan gurabe, kuma ta ƙara faɗi tun da aka koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Shiri mai zango-zango yana cin mutane da yawa.

Ka tanadi hoto biyu, ɗaya na fuska, ɗaya na tsaye, ba tare da gyaran manhaja ba. Wanda ya aika hoton da aka wanke masa fata, ranar da ya bayyana aka ga wani mutum daban, ya zubar da damarsa. Ka haɗa da bidiyon da bai wuce minti biyu ba: ka kwantar da wayar a gicciye, haske yana dukan fuskarka ba bayanka ba, ka kashe fanka don murya ta fita tar.

Ranar tantancewa za a miƙa maka shafi ɗaya ko biyu, a ba ka ɗan lokaci ka duba. Kuskuren da ya fi kayar da sababbi shi ne wuce gona da iri: zare ido, ɗaga murya, wurga hannu kamar ana kan dandamali. Kyamara tana kusa, ɗan motsin gira ma tana kamawa. Na biyu shi ne rashin sauraro. Mutum yana jiran abokin wasansa ya yi shiru ya zuba haddarsa, kuma ana ganin haka a idonsa. Idan ka gama darakta ya ce ka sake, amma wannan karon ka danne fushin, ba wai ka ɓata ba ne. Yana gwada ko kana ɗaukar gyara. Wanda ya maimaita abin da ya yi da farko sak, a nan yake faɗuwa. Waɗanda suka tsallake ana sake kiransu a haɗa su bibbiyu, a ga ko uwa da ɗa sun yi kama da uwa da ɗa. Sau da yawa ana barin gwani saboda tsayinsa ko shekarunsa ko karin harshensa bai dace da gurbin ba, don haka rashin samu ba hukunci ba ne a kan iyawarka.

Tambaya: Mutanen da muke gani a kasuwa ko wajen biki a bayan jarumai, su ma tantance su ake yi? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Masu cika taro adadi da kama ake nema a wajensu, misali dattawa goma da 'yan mata ashirin. Mai kula da shirye-shiryen aiki ne ke tattaro su, daga yaran kamfani ko daga mutanen unguwar da ake ɗauka. Amma aikin yana da ƙa'ida. Ba a kallon kyamara. Hirar da kike gani suna yi da baki ce kawai babu sauti, domin na'urar tana ɗaukar muryar jarumai. Fitowa ɗaya ana iya ɗaukar ta sau da yawa ta kusurwa daban-daban, saboda haka idan kin ɗaga kofi da hannun dama lokacin da jaruma ta shigo, haka za ki yi kowane karo, in ba haka ba mai haɗa hoto ba zai iya jona su ba. Idan aikin ya kwana, kayan jiya za ki sake sawa har da ɗaurin kallabin. A guji tufa mai ƙananan ratsi, tana rawa a hoto, da riga mai tambarin kamfani. Jira kuwa ya fi aikin yawa: a kira ki da safe, a ɗauke ki bayan la'asar. Ki tambayi kuɗin yini da abinci da kuɗin mota kafin a fara, ba bayan an tashi ba.

Tambaya: Wani ya ce in biya shi kuɗi ya sa ƙanwata a fim. Haka ake yi? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Malam, kada ka biya. Ɗan wasa ake biya, ba shi ke sayen gurbi ba, kuma wannan hanya ta cinye kuɗi da mutuncin 'yan mata da dama. Tantancewa ta gaskiya a ofis ko zaure ake yin ta, da rana, a gaban mutane. Duk wanda ya ce ta same shi ita kaɗai a ɗakin otal, a rabu da shi. Ka raka ta da kanka, ka ga ofishin, ka tambayi sunan kamfanin da ayyukan da ya taɓa fitarwa. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa masu sana'ar rajista, akwai kuma MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim ta Najeriya. Ka je can ka bincika ko sun san mutumin. Idan an ba ta gurbin, a rubuta yawan fitowa da ranakun aiki da kuɗi da lokacin biya, kowa ya sa hannu, ku riƙe kwafi ɗaya.