Tambaya da Amsa: In sayi fili in gina gidan haya, ko in sayi tsohon gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni malamar asibiti ce a nan Kano, an raba mana gadon mahaifinmu Allah ya ji ƙansa, na haɗa da kuɗin adashina da ɗan abinda nake tarawa sun kai miliyan 12. Tsoro nake kar su narke a hannuna. Wani dillali ya nuna min fili a bayan gari, awon igiya ne, wato ba gwamnati ce ta yanka shi ba, miliyan 3, yace in gina ciki da falo guda 4 in zuba ƴan haya. Yayana kuma yace a'a, gara in sayi wani tsohon gida a cikin gari wanda dama akwai ƴan haya a ciki. Burina dai kuɗin hayar ya riƙa biya min kuɗin makarantar yara. Wanne zan yi?

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata, Allah ya ji ƙan Baba ya sa albarka a abinda ya bari. Tsoronki yana kan hanya, duk wanda ya ajiye naira a banki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yasan yadda take zagwanyewa, a 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100, to ajiye miliyan 12 haka kawai asara ce a hankali.

Amma bari in fara da burin naki na kuɗin makaranta don nan ne mutane suka fi shan mamaki. Gidan haya yana riƙe miki darajar kuɗinki, ƙasa da gini suna tashi tare da tsadar kaya, amma kuɗin hayar da zai riƙa shigowa kaɗan ne in aka kwatanta da abinda aka kashe. Ɗauki biro mu yi misali kawai. A ce fili da gini sun cinye miki miliyan 18, ciki da falo 4, kowanne dubu 300 a shekara, kinga miliyan 1 da dubu 200 kenan in kowa ya biya kan lokaci kuma babu ɗakin da ya zauna ba kowa, wanda kuma hakan da wuya ya faru. Cire gyaran kwano, cire kwashe sokawe, cire fenti duk sanda wani ya tashi, abinda zai rage bai fi miliyan 1 ba, wato sai kin yi wajen shekara 18 kafin uwar kuɗi ta dawo ta hanyar haya kaɗai. Ban faɗi haka don in karya miki gwiwa ba wallahi, so nake ki shiga da idonki a buɗe, ki kuma yi irin wannan lissafin da ainihin farashin unguwar da kike so, ki zaga ki tambayi masu zama a wajen nawa suke biya, kar ki tsaya a bakin dillali shi la'adarsa yake kallo.

Sai maganar filin. Awon igiya ba sabon abu bane, unguwanni da yawa a Kano haka suka fara, amma ki sani tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 duk filayen birni suna ƙarƙashin gwamnan jiha ne, takardar mallakar fili da ake kira C of O ma izini ne na shekaru, yawanci 99. Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani, tana nuna an yi ciniki a gaban shaidu, amma bata hana gwamnati zuwa gobe tace nan hanya ce ko filin makaranta. Kin dai ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023, mutane nawa suka wayi gari gini ya zama ƙasa. Don haka kafin ki bada ko kafin alƙalami, a samo safiyo ya ɗauko lambobin filin a kai KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, a duba ko yana cikin wani shiri na gwamnati ko an riga an ba wani, sannan a leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, kan maganar izinin gini. Masu karatu na Kaduna ku KADGIS da KASUPDA ne naku, Abuja kuma AGIS. Ki je wajen mai unguwa da kanki ko ki tura yayan naki, ki tambayi maƙwabtan filin na gabas da yamma waye suka sani da shi, don sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku ba sabon abu bane. Kuma dan Allah ki ga filin nan da damina. Filin da ya yi kyau a watan Maris zai iya zama tafki a Agusta, kuma gidan da ruwa ke shiga ba mai zama a ciki shekara biyu a jere.

Abu na biyu da dillalin bai gaya miki ba, miliyan 9 da zasu rage da ƙyar su kammala ciki da falo 4 a farashin yau. Buhun siminti da ake saye wajen dubu 5 a 2023 ya taɓa dubu 10 a farkon 2024, rodi da kwano da katako duk sun bi shi. Abinda nake gani kullum shine mutum ya zuba harsashin ɗaki huɗu, ya kai linta, kuɗi su ƙare, sai a bar kango shekara da shekaru ruwa na dukan bulo, ba haya ba kuɗi a hannu, ƙarshe a sayar da shi a wulaƙance. In gini zaki yi, a zana taswirar guda 4 ɗin amma ki gina 2 ki gama su tsaf, banɗaki, ƙofa, waya, sokawe, katanga da get, ki sa mutane a ciki, sauran biyun su biyo baya a hankali. Kuma ki ware aƙalla miliyan 1 da bazaki taɓa ba, don magini bai taɓa cewa kuɗi sun yi yawa ba. Kayan aiki ki riƙa saye da kanki ko wanda kika yarda da shi, a biya birkila da kafinta kuɗin aikinsu mataki mataki.

Sannan ki tambayi kanki waye zai kama haya a wannan bayan garin. Akwai wuta? Akwai ruwa ko sai kin haƙa bohol? Adaidaita sahu na shiga? Ɗan haya kusa da wajen nemansa yake so, shi yasa ɗaki kusa da jami'a ko babban asibiti ko kasuwa baya kwana ba kowa.

Shawarar yayanki tana da nata kyan, haya zata fara shigowa tun shekarar farko kuma ba ruwanki da rigimar magina. Amma tsofaffin gidajen cikin gari da yawansu na gado ne, ke kanki kin san yadda rabon gado yake tunda yanzu kuka fito daga ciki. Kar ki yarda babban wa shi kaɗai ya sayar miki, sai kin ga takardar rabon gado ta kotu, kuma duk magada maza da mata sun sa hannu, in ba haka ba wata rana wata ƙanwarsu da ke aure a wani gari zata zo da sammaci kuma tana da gaskiya. Ki ɗauki lauya, kuɗinsa bai kai kuɗin shari'a ba. Ki shiga da magini ya duba ko ginin ƙasa ne aka yi wa shafen siminti, ya duba rufi da masai, a duba ko akwai tsohon bashin wuta na KEDCO a kan gidan. Ƴan hayan da ke ciki kuma ki san nawa suke biya da yaushe kuɗin kowa zai ƙare, wasu sun shekara 15 a kan tsohon farashi, ke kuma bazaki zo rana ɗaya ki ninka musu ba, ba kyau kuma ba zasu iya ba.

In ni ne a matsayinki, ga aikin asibiti ga yara ga ba gogewa a harkar gini, zan fi karkata ga ƙaramin gida ginanne mai tsaftatacciyar takarda a unguwar da ake neman haya, ko da ɗakuna biyu ne. In binciken gidan yayan naki ya fito lafiya, shi zan ɗauka. In ya fito da ko ɗigon rigimar magada, ki barshi ki nemi wani.

Duk wanda kika zaɓa, kar kowa ya shiga ba rubutacciyar yarjejeniya: nawa ne, yaushe zai fara yaushe zai ƙare, mutum nawa zasu zauna, wa zai kwashe sokawe, wa zai gyara famfo, notis na wata nawa. Kowane ɓangare da mitarsa ta kati in zai yiwu, rabin faɗan gidan haya a kan kuɗin wuta ne. Ki nemi wanda zai tsaya wa ɗan hayar, ki tambayi inda ya taso me ya tashe shi. Kuɗi ta banki ko da rasit. Ke kuma naki haƙƙin, in rufi ya yi yoyo ki gyara da wuri kar ki jira sai lokacin sabunta haya, mutumin nan iyalinsa ne a ciki kuma kuɗinsa ya biya. Maganar zakka tunda nasan zata zo miki, ba a fitar wa gidan da aka bada haya zakka a kan ginin kansa, kuɗin hayar ne in sun taru da sauran kuɗinki suka kai nisabi kuma shekara ta zagayo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na ba ɗan abokin babana hayar ɗaki a gidana a Zariya, shekara ɗaya ya biya, yanzu wata 8 kenan ba ko sisi, in na yi magana sai ya haɗa ni da manya. Abokaina sunce in cire ƙofar ɗakin ko in kware kwanon zai tashi da kansa. Ya halatta?

AMSA: A'a ɗan uwa, kar ka soma. Ranar da ka cire ƙofa ko ka kware rufi ko ka watso masa kaya waje, kai mai gaskiya ka koma mai laifi, shi zai kai ka ƙara kuma zai iya cin diyya a kanka. Na san abin da ciwo, haƙƙinka ne kuma ƙila da shi kake ciyar da naka gidan. Ka fara da manyan da yake haɗa ka da su ɗin, ka zaunar da su tare da mai unguwa, a rubuta nawa ake binsa da ranar da zai biya ko ya tashi, kowa ya sa hannu. In ka ga da gaske babu ce ta kama shi, ka yafe wani abu ko ka raba masa biyan kashi kashi, akwai lada a sassauta wa wanda ke cikin ƙunci, amma a sa ranar tashi.

In hakan bai yi ba sai hanyar doka. A yawancin jihohi in yarjejeniya bata faɗi wani abu daban ba, mai hayar shekara notis ɗin wata 6 ake bashi, mai biyan wata wata kuma wata 1, bayan ya ƙare a ƙara masa na kwana 7 cewa zaka je kotu karɓar ɗakinka, kuma bashin da ya taru yana iya rage tsawon notis ɗin, shi yasa nake so lauya ya rubuta maka don kuskure ɗaya a kwanan wata yana sa alƙali ya kori ƙarar a koma farko. Ka tafi wajen lauyan da rasit ɗin shekarar da ya biya da duk saƙonnin da kuka yi a waya kan bashin.