Ku Tambayi Dillali: Wata huɗu ina yawo da masu neman gida, ban ga la'ada ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Shekarata 27, na gama hidimar ƙasa bara, aiki bai samu ba, sai na shiga dillancin gidaje da filaye a nan Kano. Na buga kati, na buɗe shafi a Facebook, kullum ina ɗora hotunan gidajen da abokai ke turo mini ta WhatsApp. Yau wata huɗu ke nan ko sisi ban samu ba. Mutum zai kira ni, in ɗauke shi a babur da man aljihuna in kai shi ya ga gida, daga nan ya daina ɗaga waya. Akwai ma wanda na ji daga baya an yi cinikin a bayan idona. Don Allah Baba, a ina ake samun masu saye? Ɗanka, daga Rijiyar Zaki.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya yi wa nema albarka, kuma na ji daɗi da ba ka zauna jiran takardar ɗaukar aiki ba.

Masu saye suna nan, ai ga shi suna kiranka. Abin da ba ka da shi kaya ne. Hotunan nan da ake turo maka, ka taɓa zama da mai gidan ko guda ɗaya? Ka san sunansa, ka san dalilin da ya sa zai sayar, ka ga takardunsa da idonka? In amsar a'a ce, to kai ne na shida ko na bakwai a layin dillalai, kuma ko an yi cinikin, abin da zai iso hannunka bai fi kuɗin man da ka ƙona ba. Mai saye kuwa yana da wayo. Tambaya biyu zai yi maka ya gane cinikin biri a sama kake yi, sai ya zagaye ka ya nemi wanda ke riƙe da makullin. Abin da ya same ka ke nan.

Ni da haya na fara, kuma ita nake ba kowane sabon shiga shawara ya fara da ita. Kafin ka sayar da gida ɗaya, za ka iya saka 'yan haya goma. La'adar ƙarama ce, yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, amma tana zuwa a kai a kai, kuma tana haɗa ka da masu gidaje, waɗanda su ne jarin dillali. Mai gidan da ka samo wa ɗan haya mai biya a kan lokaci, wanda bai fasa masa ƙofa ba, ranar da zai sayar da kangonsa kai zai fara kira. Ɗan hayar da ka saka yau a ciki da falo kuma, nan da shekara biyar shi ne mai neman fuloti.

Ka kuma daina zagaye Kano. Yau kana Hotoro, gobe Sharaɗa, jibi Mariri, ba inda aka san ka. Unguwarku ma ta ishe ka. Daga Kabuga zuwa Rijiyar Zaki, Rimin Gata, har Danbare, hanyar Gwarzo ke nan, ga sabon mazaunin Jami'ar Bayero a gefenku, malamai da ɗalibai da ma'aikata kullum cikin neman wurin zama suke. Ka ajiye babur ka taka da ƙafa, lungu-lungu. Ka san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, inda rijiya ke ƙafewa da bazara, layin da taransifomarsa ta lalace aka daɗe ba a gyara ba, da inda mota ba ta shiga. Ka sayi littafi ka rubuta: gida kaza, na wane ne, ɗaki nawa, nawa aka biya bara. Bayan wata uku za ka san abin da babu shi a wayar kowa.

Labarin gida zai fita kasuwa kuwa, ba dillali ne ke fara jin sa ba. Magini ya riga kowa sanin ginin da ya tsaya don kuɗi sun yanke. Mai sayar da siminti da bulo ya sani. Mai ga-ruwa ya san gidan da aka kwashe kaya jiya. Mai shayin bakin layi ya san wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja. Waɗannan mutane ka gaishe su, ka zauna da su, in kuma labarinsu ya kai ga ciniki ka kai musu ihisani da hannunka tun ba su tambaya ba. Sau ɗaya za ka yi haka, sauran labaran su za su riƙa nemanka da su. Uwa uba, ka je ka gaida mai unguwa ka gabatar da kanka da sunan mahaifinka. Cinikin gida a unguwa da wuya ya kammala bai sani ba, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Ka lura da lokaci ma. Watannin Rajab da Sha'aban, da bayan sallah, lokacin ɗaurin aure ne, angwaye na neman gida ido rufe, dangin amarya na son zuwa ganin ɗaki don auna labule da kujeru. Tun kafin lokacin ya kamata a ce kana da gidaje biyar ko shida a hannu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, domin nan ne samari ke faɗawa rami. Shekaru da dama da suka wuce na shiga tsakani a cinikin wani gidan gado. 'Ya'ya maza uku suka zauna, aka yi tayi, suka ce albarka, aka ƙara, suka sallama, aka biya, aka rubuta takarda da shaidu. Bayan wata bakwai sai ga 'yar'uwarsu da ke aure a wani gari, ta ce ba wanda ya shawarce ta, ba ta kuma karɓi ko kwabo ba. Gaskiya ce da ita. Shekara biyu muna zarya a kotu, mai sayen ya riga ya rushe katanga ya fara gini, matarsa na kuka a gabana. Na mayar da la'adata har da ƙari, amma har yau in na tuna fuskar matar nan raina yana ɓaci. Tun daga ranar, gidan gado ba na taɓa shi sai na ga takardar rabon gado daga kotu, ko kuma na ji daga bakin kowane magaji, mace da namiji, ko da ta waya ce a gaban shaidu.

Haka batun takardun fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, wanda a filin gida yawanci na shekara 99 ne, kuma sauya hannun fili mai satifiket, wato takardar shaidar wannan izini, yana buƙatar amincewar gwamna. Saboda haka in an nuna maka takarda, kada ka tsaya a kan kyawun hatiminta. Ka ɗauki lambar fayil a bincika a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Jihar Kano, a ga sunan wa ke ciki, ko an jinginar da shi a banki. In filin awon igiya ne, wanda mai gona ya yanka da kansa, ka nemi asalin mai gonar, ka ji ta bakin dagaci da maƙwabtan iyaka, ka kuma tambaya a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ko wurin ya hau hanya, ko makaranta, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya san abin da gini a kan filin da ake taƙaddama a kansa ke jawowa. Ka gaya wa mai saye aibin wuri tun kafin ya gano da kansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Na sha rasa ciniki saboda na ce wa mutum gidan nan yana shan ruwa da damina, amma da yawansu sun dawo, wasu ma da 'yan'uwansu.

Batun zagaye kuwa, maganinsa magana tun farko. Kafin ka kai kowa, ka zauna da mai gida ku yanke la'ada, ko kashi 5 cikin 100 da aka saba a sayarwa ko abin da kuka daidaita, a rubuta a sa hannu, ko aƙalla ya turo maka a saƙon waya. Mai neman gida shi ma ka gaya masa sharaɗinka kafin ku hau babur. Kunya ce ke cin samari a nan, suna ganin kamar rashin ladabi ne su yi wa babba maganar kuɗi. Haƙƙinka ne, ka faɗe shi cikin girmamawa. Kuɗin ciniki kuma kada ya kwana a hannunka, ya tafi kai tsaye daga asusun mai saye zuwa na mai kaya. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. In ka fara tsayawa da ƙafarka, ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka kuma yi ta SCUML, sashen yaƙi da safarar kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, domin dillalan gidaje na cikin waɗanda dokar ta shafa.

Shafinka na Facebook kada ka rufe shi. Ka dai daina ɗora abin da ba ka taka da ƙafarka ba. Gida uku da ka shiga, ka ɗauki bidiyonsu da kanka, ka faɗi farashin gaskiya, sun fi hoto ɗari na aro. Sannan ka nemi wani dattijon dillali mai mutunci a yankinku ka zauna a benci ɗaya da shi ko na shekara guda, ka riƙa ɗaukar masa makulli kana kai mutane. Zai ba ka kaɗan daga la'ada, amma za ka ga yadda ake sasanta mai kaya da mai saye idan magana ta yi zafi, abin da ba zan iya koya maka a takarda ba.

TAMBAYA: Baba, ni mace ce, ina da aure da 'ya'ya uku a Kaduna. Sana'ar nan ta dace da ni kuwa? 'Yarka, daga Unguwar Rimi.

AMSA: Ta dace ƙwarai, 'yata, in maigidanki ya amince. Kina shiga inda ni ba ni da ikon shiga. Mata da yawa suna da gidajen gado da filayen da suka saya da kuɗin adashe ko na gwal, kuma sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace. A gidan biki da suna da islamiyya za ki ji wadda ke neman wa ɗanta gidan da zai saka amarya. Ki fara da waɗannan. Zuwa ganin kango ko fili a bayan gari kuwa, kada ki tafi ke kaɗai da wanda ba ki sani ba, ki tafi da ƙaninki ko ɗanki. Binciken takardu a wajenku KADGIS ake zuwa, wato hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Jihar Kaduna, ki je da kanki karo na farko don ki ga yadda ake yi.