Yadda muke zaɓen fuskar Linux a nan, da inda muke tsayawa wajen kwalliya

Ƙanina, salamu alaikum. Ka tambaye ni me ya sa duk hoton allon kwamfuta da mutanenmu na nan suke turowa ba ya kama da na wani, alhali kowa Linux yake cewa yana amfani da shi. Har ka ce ko akwai wani samfuri da aka ware wa mazauna waje. Babu. Abin da muke saukewa a intanet shi ne kai ma za ka sauke.

Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991 ba shi da fuska. Aikinsa yana can ƙasa, tsakanin manhajoji da ƙarfen kwamfutar. Abin da ido ke gani, wato tagogi, alamomi, jerin manhajoji da agogon nan na kusurwa, wasu mutane ne daban suke ƙera shi, kuma ba ƙungiya ɗaya ba ce. A Windows kamfani ɗaya ya haɗa ciki da waje ya miƙa maka. A Linux kai za ka zaɓa.

Manyan ɓangarorin masu ƙera wannan fuska biyu ne, KDE da GNOME, kuma duk inda mutanenmu suka taru sai an yi musu a kansu. KDE ya fara a 1996 a hannun wani ɗalibi Bajamushe, Matthias Ettrich. Shekara guda bayan haka Miguel de Icaza da Federico Mena, 'yan ƙasar Meziko, suka kafa GNOME, saboda Qt, kayan ginin da KDE ya dogara a kai, lasisinsa bai gamsar da masu rajin 'yancin manhaja ba a lokacin. An daɗe da gyara lasisin, amma gardamar ta ƙi mutuwa.

'Yan GNOME a cikinmu yawanci masu aiki ne da ba sa son hayaniya a allo. Ka leƙa kwamfutar ɗayansu, ba za ka ga alama ko ɗaya a kan hoton bango ba, sai siririn layi baƙi a sama. Ya danna maɓallin nan mai tambarin Windows, duk tagogin da ya buɗe su baje a gabansa, ya buga haruffa biyu ko uku na sunan manhaja, ta buɗe. Ko maɓallin ƙanƙantar da taga babu, sai ka nema ka kunna shi. Kyau kam yana da kyau, amma kyau ne irin na masu shi: sun yanke yadda zai kasance, ba su cika son a taɓa ba. Mai son sauyi sai ya ɗora 'yan ƙare-ƙaren da wasu suka rubuta, kamar Dash to Dock da ke kafa jerin manhajoji a gefen allo. Nan matsalar take. GNOME yana fitar da sabon zubi duk wata shida, a Maris da Satumba, kuma ƙare-ƙaren nan ba kullum suke bin sawu ba. Da GNOME 45 ya fito a 2023, an sauya yadda ake rubuta su, duk wanda mai shi bai sake gyarawa ba ya daina aiki. Shi ya sa in muka ga mutum ya jibga wa GNOME ƙare-ƙare goma sha, mukan ce masa: Malam, KDE kake so, ba ka sani ba ne.

Shi KDE Plasma, wato fuskar da 'yan KDE suke ƙerawa, kamar da ma jiranka yake ka taɓa shi. Danna dama a kan layin ƙasa, ka shiga yanayin gyara, ka ja shi zuwa sama ko gefe, ka rage kaurinsa, ka raba shi biyu, ka cire agogo ka sa wani. Launi, inuwar taga, yadda take zamewa in an rufe ta, duk suna cikin saituna, ba sai ka rubuta umarni ba. Ni a nan na tsaya, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina ganin ya fi dacewa da mai son ado. Amma akwai abin lura. Cikakkun kwalliyar nan da ake saukewa daga cikin saitunan, jama'a ne suke ɗorawa, kuma wasunsu ba launi kaɗai ba ne, suna ɗauke da umarnin da kwamfuta za ta aiwatar. A Maris 2024, jim kaɗan bayan fitowar Plasma 6, wata irin wannan ta share wa wani mutum fayilolinsa saboda kuskuren wanda ya rubuta ta, har masu KDE suka fito suka yi gargaɗi. Tun daga nan mukan ce a ɗauki launuka da alamomi ɗaya bayan ɗaya, a bar kwalliyar da ba a san mai ita ba.

Sabon shiga kuwa, ba ma ba shi ko ɗaya daga cikin biyun. Linux Mint muke ba shi, ɗaya daga cikin ire-iren Linux da ke zuwa a haɗe da fuskarsu, mai fuskar Cinnamon. Ita wannan ta samo asali ne daga rigimar 2011, lokacin da GNOME 3 ya watsar da tsohon tsari, mutane da yawa suka ce ba su yarda ba. Wasu suka ci gaba da raya tsohon a ƙarƙashin sunan MATE, 'yan Mint suka gina Cinnamon. Layi a ƙasa, jerin manhajoji a kusurwar hagu, agogo a dama: hannun da ya saba da Windows ba ya ɓata. Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoba 2025, masu zuwa da wannan buƙata sun ƙaru. In kwamfutar ta kwana biyu kuma, fuskar Xfce ko LXQt ake sa mata, don ba su da nauyi.

Hotunan da suka fi ɗaukar hankalinka, masu tagogi a jere kamar an auna da ma'auni, da haske-haske a gefe, ina kyautata zaton na samarinmu ne 'yan jami'a. Su Hyprland ko Sway ko i3 suke amfani da su, inda tagogi ke raba allo da kansu, komai da kibod ake yi, saituna kuma a fayil ake rubuta su da hannu. Ina yaba musu, sun iya. Sai dai hoto ba ya nuna maka daren da aka kwashe kafin madannin ƙara sauti ya yi aiki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kada ka fara daga nan.

Abin da muka fi riƙewa shi ne ba a ɗora wa mutum fuskar da bai gwada ba. Akwai manhaja mai suna Ventoy da ke ba ka damar zuba Linux iri-iri a filash guda. Ka kunna kwamfuta daga filash ɗin, ka shiga Mint, ka fita ka shiga Fedora mai GNOME, ka fita ka shiga Kubuntu mai Plasma, ba tare da ka taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. A kowanne ka duba intanet, sauti, hasken allo, sannan ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka. Kuma in ka zaɓa, ka tsaya a kan guda. Ɗora fuska biyu ko uku a kan Linux ɗaya yana yiwuwa, amma za ka tarar da manhajar buɗe fayil biyu, saituna biyu, kowace tana taka kwalliyar 'yar'uwarta.

Wajen gyara, daga rubutu muke farawa, hoton bango shi ne na ƙarshe, domin taga ɗaya ta isa ta rufe shi, rubutu kuwa shi ido zai yini yana kallo. Kafin ka amince da kowane salon haruffa, buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ka gani. Da yawa daga cikin masu kyan gani ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri a tsakiyar kalma. Noto Sans da DejaVu Sans suna da su, kuma a saitunan kibod akwai tsarin Hausa a shirye. Daga nan ka daidaita girman rubutu da idonka, ka zaɓi fari ko duhu, ka ɗauki launi ɗaya rak na ado. Alamomi, tarin nan mai suna Papirus ya wadatar. Tagogi masu shara-shara da ake hango bango ta cikinsu suna da kyau a hoto, amma karatu a kansu wahala ne.

Kafin ka taɓa komai, kunna manhajar Timeshift ta ɗauki kwafin tsarin kwamfutar, sannan ka kwafi ɓoyayyiyar foldar nan mai suna .config ka ajiye gefe, don a cikinta yawancin saitunanka suke, kuma Timeshift ba ya haɗawa da ita sai ka ce ya haɗa. Ka turo min sunan kwamfutarka da girman RAM ɗinta, in gaya maka guda ukun da za ka fara zubawa a filash.