Akwatunan Pure Data sun koma ɗigo-ɗigo, me zan girka?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Abokina ya turo min facin Pure Data (Pd), wato fayil ɗin da ya haɗa da akwatuna a wannan manhajar haɗa sauti, da zan yi wasan kiɗa da shi ranar Asabar. Da na buɗe, rabin akwatunan sun koma ɗigo-ɗigo, jan rubutu na ta cewa "couldn't create". Wani da ya ce ya san harkar ya ba ni zip cike da fayilolin dll, wai in kashe antibairos in juye su duka, ko kuma in sauko da Pd-extended, wani Pd da ke zuwa da ƙarin akwatuna a cikinsa. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ƙanena, facin lafiyarsa ƙalau. Abokinka ya yi aiki da akwatunan da ba sa cikin Pd na asali, wanda Miller Puckette ya fara tun 1996, kai kuma ba ka da laburaren, wato kunshin ƙarin akwatunan, da suka fito daga ciki. Duba sunayen da jan rubutun ya kawo, ka tambaye shi na ina ne. Galibi cyclone ne, ko zexy, ko ELSE, ko Gem idan da hoto a ciki.

Daga nan ka buɗe Find externals a cikin Pd ɗin kansa. Deken ake kiransa, yana nan tun sigar 0.47 ta 2016. Rubuta sunan laburaren, ɗauki wanda ya dace da na'urarka, ka bar shi ya sauka inda ya zaɓa, wato foldar externals a cikin foldar Pd da ke Documents. Saukewa kaɗai ba ta isa ba, a nan da yawa suke tuntuɓe. Sai ka sa akwatin declare a facin: "declare -path cyclone" ga wanda fayilolinsa suke a warwatse, "declare -lib zexy" ga wanda ake lodawa a dunƙule. Adana, rufe, sake buɗewa.

Yanzu ga zip ɗin mutumin nan, wanda shi ne ya fi ci min rai, don kusan kullum sai an kawo min irinsa. Mutane sun ɗauka dll ɗin Pd kamar fayil ɗin sauti ne, in bai yi ba sai a goge. Ina! Manhaja ce sukutum, wadda da zarar Pd ya loda ta za ta iya taɓa duk abin da kai za ka iya taɓawa a kwamfutarka: ayyukanka, hotunanka, duk abin da ka adana. Wanda ya ce ka sallami maigadi kafin ya shigo maka da kaya, ai ka san akwai lauje cikin naɗi. Ko shi da zuciya ɗaya ya ba ka, ya san hannu nawa zip ɗin ya bi kafin ya iso gare shi?

A ce ma babu cuta a ciki. Fayil ɗin da aka haɗa don Pd mai bit 32 ba zai buɗu a mai 64 ba, na Windows ba ya aiki a Mac, na Mac mai Intel ma sai ya ƙi sababbin masu Apple Silicon. Sannan juye komai wuri guda na haddasa rikicin suna. Akwatin counter, alal misali, yana cikin cyclone, yana cikin markex, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Pd zai ɗauki wanda ya fara cin karo da shi, ba jan rubutu, ba komai, sai kana tsakiyar wasa ka ji ƙidayar kiɗan ta karkace. Na taɓa kwana ina bin irin wannan a facin wani ɗalibi, ashe abin da ke ciki ke nan. Shi ya sa nake rubuta cyclone/counter da cikakken suna.

Pd-extended kuwa, sigarsa ta ƙarshe 0.43.4 ce, ta 2013, kuma an daina kula da shi. Masu tura mutane can tsofaffin darussa suke haddacewa ba sa duba shekara.

Goge zip ɗin, kunna antibairos ɗinka. Kuma ka gwada facin a kan ainihin kwamfutar da za ka hau dandali da ita tun ranar Alhamis.