Ya Buɗe Ido Amma Ba Ya Magana

Tambaya: Likita, ƙanena ya bugu a kai a haɗarin mota. Bayan mako uku a dogon suma ya buɗe ido, amma ba ya amsa kira. Ya farfaɗo ke nan? Zai sake iya kula da kansa?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Buɗe ido daban, dawowar hayyaci daban. Alamomin da muke nema su ne bin abu da ido da kuma bin umarni. Ki riƙe madubi a gaban fuskarsa, ki gusa da shi a hankali hagu da dama, ki ga ko idonsa zai bi. Matse hannu yakan ruɗi dangi, domin jiki na yin haka da kansa. Ki ce masa ya saki, sau uku ko huɗu, a lokuta daban-daban.

Idan hayyaci ya fara dawowa, yakan zo da rikicewa, mantuwa, har da faɗa. Mataki ne, ba hauka ba. A rage hayaniya, mutum ɗaya ya riƙa magana.

Abin da ke mayar da majinyaci baya sau da yawa ana iya kauce masa. A juya shi duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, a ɗaga kan gadon digiri 30, a miƙe masa gaɓoɓi kullum kada su sandare. Kada a ba shi ko ruwa ta baki sai an gwada haɗiyarsa, domin yakan zarce huhu. Farfaɗiya, zazzaɓi ko ƙarin barci, a sanar da likita nan take.

Sauƙi ya fi sauri a watanni 6 na farko, amma yakan ci gaba har shekara 2 ko fiye. Wasu sukan koma ci, wanka da tafiya da kansu.