Amsa: Baƙona yana tambayar inda zai sayi giya a Jidda

Malam, kan abokin aikinka Kirista da ya zo daga gida yake tambayar inda ake sayar da giya, gaya masa gaskiya: babu. Saudiyya ta haramta ta tun 1952, zamanin Sarki Abdul'aziz, kuma dokar ba ta ware baƙo ba. Shagon da aka buɗe a unguwar jakadu ta Riyad a farkon 2024 don jami'an diflomasiyya waɗanda ba Musulmi ba aka yi shi, a lokacin da aka buɗe shi ma'aikacin kamfani irinsa ba ya ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne ta bayan fage, wadda ake dafawa a gidaje, suna ce mata sadiki. Ba ka san abin da aka zuba ba. Idan da sinadarin metanol a ciki, yana makantar da mutum, yana kisa. In kuma aka kama shi, ga tara, ga gidan yari, sannan a kora shi gida, iƙama (takardar izinin zama) da aiki duk sun tafi. Kai ma da ka yi masa hanya ba za ka tsira ba.

A Bahrain ana sayarwa bisa doka, amma kada ya kuskura ya tsallako gadar Sarki Fahad, wadda ta haɗa Bahrain da Saudiyya, da kwalba ko da maye. Don Allah ka zaunar da shi ka yi masa bayani tun yau.