Amsa kan damar 'yan tanis na Indiya a Kofin Davis da na mata

Malam, ka tambaya ko Indiya, wadda ta fitar da irin su Leander Paes da Sania Mirza, za ta iya ɗaukar Kofin Davis, wato gasar tanis ta maza tsakanin ƙasashe, ko takwaransa na mata a 'yan shekarun nan. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce maka ƙasar da jama'arta suka haura biliyan ɗaya da miliyan 400 ba za ta rasa gwanaye ba. Ni ban yarda da wannan lissafin ba. Da yawan jama'a ake cin Kofin Davis, da Italiya ba ta ɗauke shi sau uku a jere ba daga 2023 zuwa 2025. Na yi karatu a Bangalore, ina ɗan taɓa raket tun ina can, kuma har yau ina bin wasannin tawagarsu. Abin da nake gani shi ne za su ci gaba da ba manyan ƙasashe kunya lokaci zuwa lokaci, amma kofin kansa ba yanzu ba.

Sai ka fara duba yadda ake buga karawar. Idan ƙasa biyu suka haɗu a zagayen neman cancanta, wasa biyar ake yi: huɗu na ɗaiɗai, ɗaya na bibbiyu. Wanda ya riga cin uku ya wuce. To ƙarfin Indiya tun wajen shekara 30 yana cikin wannan guda ɗayan ne. Paes yana da kofunan Grand Slam, wato manyan gasannin tanis huɗu na duniya, guda 18, dukkansu a bibbiyu, kuma shi ne ke riƙe da tarihin yawan nasara a wasan bibbiyu na Kofin Davis, har 45. Mahesh Bhupathi ne Ba'indiyen farko da ya ci babban kofi, a Faransa a 1997. Su biyun sun kai wasan ƙarshe a manyan gasanni huɗun duka a 1999, suka ci na Faransa da Wimbledon. Rohan Bopanna ya zama na ɗaya a duniya a bibbiyu yana da shekara 43, bayan ya ci gasar Ostareliya ta 2024 tare da Matthew Ebden. Duk wannan abin alfahari ne, amma ranar karawa maki ɗaya tak yake kawowa. Sauran biyun da ake buƙata sai an samo su daga hannun masu buga ɗaiɗai, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Na ga haka da idona a watan Satumba na 2014, lokacin da Sabiya ta zo Bangalore, a filin da ke cikin Cubbon Park. Gwanin Sabiya Djokovic bai zo ba, don haka mutanen gari suka sa rai sosai. Ranar farko Yuki Bhambri da Somdev Devvarman duk suka sha kashi, aka tashi biyu da nema. Washegari Paes da Bopanna suna baya da turmi (wato set) biyu a hannun Zimonjic da Bozoljac, suka farfaɗo suka cinye ukun da suka rage. Ban taɓa jin ihu a filin tanis irin na daren nan ba, har da masu buga ganga, kamar ba wasan da ake cewa a yi shiru ba. Somdev ya zo ya doke Lajovic a turmi biyar aka yi kunnen doki. Sai ruwan sama ya katse wasan ƙarshe aka kai shi Litinin, Krajinovic ya gama da Yuki ba tare da ya ba shi ko turmi ɗaya ba. Sabiya ba ta kawo gwaninta ba, Indiya tana gida, ta yi duk abin da za ta iya, amma aka tashi 3 da 2. Idan ka bi tarihin shekarun da suka biyo baya za ka ga labarin kusan ɗaya ne: Czech ta zo Delhi a 2015 ta ci, Sifaniya ta zo a 2016 da Nadal ta ci 5 da nema.

Da can ba haka abin yake ba, shi ya sa tsofaffin masu kallo a can ba sa son a ce musu Indiya ƙasar bibbiyu ce. Sau uku ta kai wasan ƙarshe na Kofin Davis. A 1966 da Ramanathan Krishnan, mutumin da ya kai kusa da na ƙarshe a Wimbledon sau biyu, a 1960 da 1961, Ostareliya ta doke su 4 da 1. A 1974 da 'yan gidan Amritraj, Vijay da Anand, sai aka ce da Afirka ta Kudu za su kara, gwamnatin Indiya ta ce ba za su buga da ƙasar wariyar launin fata ba, aka miƙa wa Afirka ta Kudu kofin ba a buga ko ƙwallo ɗaya ba. Mu 'yan Afirka ya kamata mu riƙa tuna musu da wannan, don wataƙila wannan ce dama mafi kyau da suka taɓa samu, kuma suka bar ta da saninsu. A 1987 kuma Vijay da Ramesh Krishnan, ɗan Ramanathan, suka je Sydney suka fitar da Ostareliya, sannan Suwidin ta kai su filin jar ƙasa a Gothenburg ta yi musu 5 da nema. Abin lura a nan, duk lokutan ukun suna da mai buga ɗaiɗai wanda manyan duniya ke shakka. Paes kansa a ƙuruciyarsa haka yake: shi da Ramesh suka doke Faransa a Frejus a 1993, ya kayar da Ivanisevic a Delhi a 1995, ya ci tagulla a ɗaiɗai a Olamfik na Atlanta a 1996.

To me ya sa aka daina samun irinsu? Kuɗi ne kan gaba. Yaro mai shekara 17 da ke son shiga cikin 100 na farko a duniya dole ya yi ta yawo ƙasa-ƙasa kusan duk shekara, ya biya jirgi da masauki da koci da mai kula da lafiyar jiki, alhali ƙananan gasannin da yake bugawa abin da suke biya bai taka kara ya karya ba. Sumit Nagal, wanda ya ƙwace turmi ɗaya a hannun Federer a gasar Amurka ta 2019, ya fito a 2023 ya ce abin da ya rage a asusunsa bai wuce yuro 900 ba, kuma a lokacin shi ne na ɗaya a ƙasar. Idan na ɗaya ke nan, ka ƙiyasta halin na goma. Saboda haka da ɗan wasa ya kai shekara 26 ko 27 ya ga gwiwa ta fara ciwo, sai ya koma bibbiyu, inda rabin fili kawai zai tsare kuma zai iya kai shekara 40 yana samun na cefane. Yuki Bhambri ya ci gasar matasa ta Ostareliya a 2009, ya zama na ɗaya a matasan duniya, rauni ya hana shi sakat, yau ga shi ƙwararren ɗan bibbiyu. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Amma duk wanda ya bi wannan hanya, tawagar ta ƙara samun abin da take da shi da yawa, ta rasa abin da take nema.

Ga kuma kurket da ya cinye masu ɗaukar nauyi da lokacin talabijin. Babbar gasar maza guda ɗaya da suke da ita, wadda aka daɗe ana yi a Chennai kafin a mai da ita Pune a 2018, ta bar ƙasar bayan 2023. Mafi yawan filayen da na gani na siminti ne, kuma masu son gogewa da gaske Turai suke tafiya. Nagal a Jamus yake atisaye.

Filin ciyawa ma da suke taƙama da shi ya daina yi musu aiki kamar da. Ƙa'ida ita ce mai masauki shi ke zaɓen irin filin da za a buga, kuma shekara da shekaru Indiya na shimfiɗa wa Turawan da suka saba da filin jar ƙasa ciyawa mai santsi su yi ta zamewa. A 2019 suka kai Italiya ciyawar Kolkata, Italiya ta ci 3 da 1. Yaran yanzu a ko'ina suna iya bugawa, su kuma 'yan Indiyan ba a kan ciyawa suka tashi ba. Misalin Denmark ya fi komai nuna matsayinsu. A 2022 Denmark ta zo Delhi babu Holger Rune, Indiya ta ci 4 da nema. Bayan shekara ɗaya aka sake haɗuwa a Denmark da Rune a ciki, ya ci wasanninsa na ɗaiɗai biyu, ya shiga bibbiyu ya ci, Indiya ta faɗa rukuni na ƙasa. Mutum ɗaya ya juya karawar gaba ɗaya.

Sai rigimar cikin gida, wadda ba ta ƙarewa. Kafin Olamfik na Landan a 2012, Bhupathi da Bopanna suka ce ba za su buga da Paes ba, Sania Mirza ta fito ta koka cewa hukumar tanis ta ƙasar ta mai da ita abin lallashin Paes. A 2013 manyan 'yan wasa suka yi wa hukumar tanis ta ƙasar bore kan kuɗi da yadda ake tafiyar da tawaga, aka buga da 'yan baya, Koriya ta Kudu ta doke su a Delhi. A 2024 Nagal bai je Pakistan ba, bai je Suwidin ba, shi da hukumar suka yi ta musayar magana a jaridu kan rauni da kuɗin fitowa. An ci Pakistan 4 da nema a Islamabad, ziyarar farko cikin shekara 60, amma a Stockholm ko wasa ɗaya ba su ci ba. Ƙasar da ke da gwanaye shida za ta iya jure irin wannan. Wadda ke da ɗaya ba za ta iya ba.

Kada ka ce na cika baƙin baki, akwai abin da ya faranta mini rai kwanan nan. A Satumba na 2025 sun je Biel sun doke Suwizaland 3 da 1, karon farko da suka ci ƙasar Turai a Turai tun nasarar Frejus. Wanda ya buɗe hanya wani dogon yaro ne, Dhakshineswar Suresh, ɗalibi a jami'ar Wake Forest ta Amurka, wanda matsayinsa a jerin duniya yake can ƙasa sosai, amma sabis ɗinsa, wato bugun fara wasa, kamar harsashi. Kyaftin Rohit Rajpal ya yi kasada ya sa shi, ya doke Jerome Kym, Nagal ya ƙarasa aikin. A Fabrairu na 2026 kuma suka fitar da Holan 3 da 2 a Bangalore, Suresh ya ci wasa uku shi kaɗai, har da na bibbiyu tare da Yuki. Sai dai a faɗi gaskiya, Holan ba ta zo da manyanta biyu ba. Tsarin yanzu ma yana taimakon irin su Indiya: tun gyaran 2019 an rage wasa daga turmi biyar zuwa uku, kuma mai sabis mai ƙarfi zai iya sace turmi biyu kafin babban ɗan wasa ya farga. Ga shi manyan taurari suna yawan ƙin zuwa zagayen farko saboda gajiya. Hanyar jami'o'in Amurka ita ma ina ganin za ta fi ba su 'ya'ya fiye da hukumarsu, don can yaro yana samun koci da fili da abokan karawa kyauta har ya kai shekara 22. Somdev ta nan ya fito, ya ci gasar jami'o'in Amurka sau biyu yana Virginia. Da sa'ar ƙuri'a da wasa a gida, ba zan yi mamaki ba idan wata shekara suka kutsa cikin ƙasashe takwas na ƙarshe. A can ne za su tarar da Sinner ko Alcaraz ko Zverev, kuma a matakin nan ɗaiɗai biyu ake fara bugawa, idan an cinye su ko fitowa 'yan bibbiyun ba za su yi ba.

Ɓangaren mata ya fi nisa. Sania ta kai ta 27 a duniya a ɗaiɗai a 2007, ta zama ta ɗaya a bibbiyu a 2015, ta ajiye raket a 2023, kuma har yau ba a sami wadda ta kusanci inda ta kai ba. Ankita Raina ta daɗe tana ɗauke da tawagar kusan ita kaɗai. Sun kai zagayen share fage na duniya karon farko a 2020, Latbiya ta fitar da su a shekarar da ta biyo. Sun sake kaiwa a 2025, suka tsaya nan. Yarinyar da ake magana a kanta ita ce Maaya Rajeshwaran, wadda ta kai kusa da na ƙarshe a gasar Mumbai tana da shekara 15 kuma take horo a makarantar Nadal a Sifaniya. A bar ta ta girma tukuna, an sha ɗora wa yara irin wannan kaya a can ya karya su.

Idan lambar yabo kake nema musu da sunan ƙasa, ka sa ido a Wasannin Asiya, inda bibbiyu ke da zinariyarsa daban ba sai ya jira ɗaiɗai ba. Bopanna da Rutuja Bhosale sun ci zinariya a Hangzhou a 2023, Ramkumar Ramanathan da Saketh Myneni suka ci azurfa. A Olamfik ma sau biyu tagulla tana suɓuce musu a wasan neman na uku, a Athens a 2004 da Rio a 2016, duk a bibbiyu. Yanzu da Bopanna ya yi ritaya, nauyin nan ya koma kan Yuki da Sriram Balaji, kuma su ma duk sun haura shekara 30.